Famfon Taya Mai Lantarki a Tafiyar Babur: Tambayoyi da Amsoshi

Sana'ata sayen riɗi da zoɓo, kuma babur ne ƙafata. Daga kaka har tsakiyar rani ina zaga ƙauyukan da ke tsakanin Gumel, Gagarawa da Maigatari, wani lokacin in gangara har Malam Madori. Tun da na fara yawo da ɗan famfon taya mai lantarki, duk inda na kunna shi sai an zagaye ni, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, ko a bakin kasuwa ko a ƙofar masallaci. Shi ya sa na tattara su wuri guda, na amsa da abin da hannuna ya taɓa.

Wai mene ne wannan famfon, kuma yaya yake aiki?

Ƙanen injin mai faci ne, sai dai shi ba ya shan fetur kuma ba shi da tankin tara iska. A cikinsa akwai ɗan injin lantarki da ke juya fistin, fistin ɗin kuma yana tura iska ta tiyo kai tsaye zuwa bawul ɗin taya. Girmansa bai wuce ƙaramar rediyo ba, wasu ma ba su kai rabin kilo ba.

Iri biyu ne. Akwai mai batir a cikinsa, wanda ake caji da waya irin ta wayar salula. Akwai kuma wanda ba shi da batir, sai an jona shi da batirin babur ko na mota. Yawancin masu caji suna da ɗan allo: ka saita lambar iskar da kake so, ka danna, idan taya ta kai ya kashe kansa.

Ga masu faci ko'ina, me zai sa in ƙara wa kaina kaya?

Idan zirga-zirgarka ba ta wuce cikin gari da bakin kwalta ba, gaskiya ba dole ba ne. A hanyar Kano zuwa Wudil ko ta Ɗambatta ba za ka yi nisa ba ka ga tayoyi a jere a gindin bishiya. Maganar tana canzawa ne da zarar ka sauka daga kwalta.

Wata Alhamis na baro kasuwar Maigatari bayan la'asar da buhu guda a kariya, na ratsa ta daji don in biya wani ƙauye in karɓi saƙo. Ƙayar aduwa ta shiga tayar baya. Na tura babur cikin yashi kusan awa biyu, na isa ƙauyen ana kiran magariba, aka ce mai facin garin shi ma yana can kasuwa bai dawo ba. Wani dattijo ya shiga gida ya ɗauko mini famfon kekensa, ya ce, “Gwada wannan, ɗan samari.” Na ce, “Allah ya saka da alheri, Baba.” Muka yi ta fama a hasken tocilan, bakin famfon ya ƙi zama a bawul ɗina. A zauren mai unguwa na kwana. Da safe da aka buɗe tayar, ramin ƙayar bai fi tsinin allura ba, amma turin da na yi da kaya a kai ya tsinke bawul daga jikin tiyub, dole na sayi sabo. Da ina da abin ba da iska, da sau biyu ko uku zan ƙara mata in isa gida. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Wanne zan saya, mai caji ko mai jona batirin babur?

Fara duba babur ɗinka kafin ka duba famfon. Babura da yawa a karkara batirinsu ya daɗe da mutuwa, wasu ma an cire shi gaba ɗaya, da kik ake tayarwa kuma tafiya ba ta tsaya ba. Idan naka haka yake, mai jonawa ba zai yi maka komai ba, mai caji za ka nema.

Idan kuwa batirinka lafiyayye ne, sitata tana kamawa da dannawa ɗaya, mai jonawa yana da nasa amfanin: cajinsa ba ya ƙarewa muddin babur yana tashi, zafin rana bai cika damunsa ba, kuma sau da yawa ya fi saurin cika taya. Matsalarsa ita ce yawancinsu an yi su ne don mota, kansu na shiga ramin kunna sigari ne, babur kuwa ba shi da wannan ramin. Sai ka nemi mai 'yan ƙarafan cizo guda biyu, ja da baƙi, ko mai gyaran wayar babur ya haɗa maka soket tare da fis. Ni mai caji nake riƙewa, don ba na son kwance murfin gefe a tsakiyar daji ina laluben kan batir. Maganar inda za a yi cajin tana ƙasa, a amsar da ta shafi ƙauyen da babu wuta.

Ba zai kashe mini batirin babur ba?

Batirin ƙananan babura irin Boxer, Jincheng da Haojue za ka ga an rubuta 12V a jikinsa, kuma abin da yake ɗauka kaɗan ne, galibi 5Ah zuwa 7Ah (Ah ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne), alhali na ƙaramar mota yana kai 45Ah ko fiye. Ƙaramin famfo yana jan amfiya biyar zuwa goma. Aikin minti uku ba zai cinye fiye da kashi ɗaya cikin goma na lafiyayyen batir ba, amma tsohon batir da ma yana neman dalili ne.

Don haka ka tayar da babur ka bar shi yana silo kafin ka kunna famfon, a fili inda hayaƙi zai fita. Ja a kan alamar +, baƙi a kan alamar −. Kada ka yarda a cire fis a haɗa waya kai tsaye, domin ranar da wayoyin suka haɗu, kusa da tankin mai za su haɗu. Ramin cajin waya da ake ɗaura wa babur a kusa da kai kuwa 5V ne kawai, ba zai juya famfon 12V ba.

Iska nawa ya kamata in ba tayata?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci, kuma ita ce mutane suka fi wucewa. Yawancinmu mun saba mai faci ya ba taya iska, ya matsa da babban yatsa ko ya ƙwanƙwasa da liba, ya ce ta yi. Yatsa ba ya bambance iska PSI 25 da 40 (PSI ma'aunin ƙarfin iskar taya ne). Na sha auna tayoyin abokan tafiya in tarar ta gaba ta kusa ninka abin da ya dace, mai babur kuma yana ta kukan hannunsa na sagewa a burji.

Kamfanin da ya ƙera babur shi ke faɗin lambar. Tana cikin ɗan littafin da ke zuwa da sabon babur, wani lokacin kuma a wata takarda da aka manna kusa da murfin sarƙa. A ƙananan babura masu taya irin 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya, abin da aka fi rubutawa shi ne PSI 25 a gaba, 28 a baya idan kai kaɗai ne, 32 idan da goyo ko kaya. Lambar da ke jikin tayar kanta ba ita ce ta yau da kullum ba, iyakar da tayar za ta iya ɗauka ce. Kusa da ita akwai iyakar nauyi, kuma ƙarin iska ba ya ɗaga wannan iyakar: buhun gero biyu da mutum biyu sun fi ƙarfin tayar baya ko da ka cika ta ta yi tauri kamar dutse.

Ƙarancin iska yana sa taya ɗaukar zafi, tana cin gefe, babur yana shan mai, yana kuma lilo a kwana. Yawan iska yana cinye tsakiyar taya, yana rage kamun ƙasa, birki ya riƙa zamewa a tsakuwa.

Allon yana nuna PSI, BAR, KPA. Wanne zan bi?

Duk abu ɗaya suke aunawa, kamar yadda za ka auna hatsi da mudu ko da tiya. BAR ɗaya daidai yake da KPA 100, ko PSI 14.5. Wato PSI 29 shi ne BAR 2. Ka zaɓi wanda littafin babur ɗinka ya yi amfani da shi ka bar famfon a kai. Kafin ka danna, ka dubi harafin da ke gefen lambar, don wani yaro zai iya taɓa maɓallin ya sauya maka ba ka sani ba.

Yaushe ya fi dacewa in auna?

Da safe kafin ka hau, tayar tana da sanyi. Tafiya tana ɗumama iskar ciki, sai lambar ta ƙaru da biyu zuwa huɗu. Idan ka auna da rana tsaka bayan doguwar tafiya ka ga ta haura, kada ka rage. Idan ta huce za ta koma daidai. Yanayi ma yana taɓa ta, kusan PSI ɗaya a duk sauyin digiri shida. Tayar da ka daidaita a zafin watan Afrilu ba haka za ka same ta da asubar hunturu ba. Taya mai tiyub kuma tana rage iska a hankali ko ba ƙaya, saboda haka sau ɗaya a mako bai yi yawa ba. Ni ranar da zan tafi kasuwa mai nisa nake yi, kafin in ɗaura kaya.

An ce rage iska yana taimakawa a yashi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma a nan ne famfon yake biyan kuɗinsa ga mutumin Jigawa. Jihar ma daga jigayin yashi ta samo sunanta. Taya mai tauri tana yanka yashi tana nutsewa, kan babur ya riƙa fizgewa hagu da dama. Idan ka rage iska kaɗan, tafin tayar yana ƙara shimfiɗa, sai ta hau saman yashin. Da can mutane ba sa son ragewa don babu yadda za su mayar idan sun hau kwalta. Yanzu sai ka rage a bakin yashi, ka mayar a bakin titi, aikin minti biyu.

Amma da iyaka. Ni huɗu ko biyar nake ragewa, kuma ba na sauka ƙasa da 20. Idan iska ta yi ƙasa sosai a taya mai tiyub, tayar tana zamewa a kan wili ta ja tiyub, bawul ya karkace har ya tsinke, kamar yadda ya same ni a labarin da na bayar a sama. Haka kuma idan ka daki dutse ko kututture, bakin wili yana tsinke tiyub wuri biyu. Idan kana ɗauke da kaya mai nauyi, ka bar tayar baya yadda take, ka rage ta gaba kaɗai. Kada ka hau kwalta da gudu kafin ka mayar da iskar. Duba amsar “Iska nawa ya kamata in ba tayata?” kan abin da ƙarancin iska ke yi wa taya.

To idan taya ta yi faci, famfon kaɗai ya isa?

Bai isa ba. Famfo iska yake bayarwa, ba ya toshe rami. Na ga waɗanda suka saya suna murna, ranar farko da ƙusa ta shige su suka gane rabin kayan aiki suka riƙe. Abin da ke cikin jakata shi ne liba biyu, sifanar da ta dace da notin wili, filaya, facin sanyi da gam ɗinsa, guntun sanfefa, ɗan makullin kwance allurar bawul, da sabon tiyub guda a naɗe cikin tsumma. A daji sauya tiyub ya fi sauri, facin sai an dawo gida a natse.

Abu uku ne ke mayar da aiki baya. Na farko, a manta ƙayar tana nan a jikin taya. Ka shafa cikin tayar da tsumma a hankali har ka ji inda ya maƙale, domin ƙayar bagaruwa da ta aduwa suna karyewa a ciki ba a ganinsu ta waje, tsidau kuma yakan bar 'yan tsinaye da yawa a tsohuwar taya. Na biyu, a manna faci gam bai sha iska ba. Ka goge wurin da sanfefa, ka shafa gam siriri, ka jira har ya daina kama yatsa. Na uku, liba ta ciji tiyub wajen mayarwa. Maganin wannan shi ne ka ba tiyub 'yar iska ya ɗan kumbura kafin ka tura shi ciki, kuma a nan famfon yana da daɗin aiki, dannawa ɗaya ka kashe.

Idan ba ka taɓa cire wilin baya da hannunka ba, ka je wurin mai facin unguwarku ranar da ba shi da layi, ka ce, “Oga, yau koyo na zo,” ka biya shi kuɗin aikinsa ka yi a gabansa.

Tayar tana sacewa a hankali. Zan iya ƙara iska in ci gaba har gari?

Za ka iya, idan ramin ƙarami ne. Cika ta, ka jira minti biyar, ka sake aunawa. Idan abin da ya ragu bai wuce ɗaya ko biyu ba, hau ka tafi a hankali, kana tsayawa kana dubawa. Idan ƙusa ce kake gani a taya marar tiyub, kada ka zare ta sai ka isa inda za a gyara, ita ce ta toshe ramin. Idan kuwa kana cikawa kana jin iska na fita da ƙara, ka daina ƙona caji, ka koma ga amsar da ke sama. Kafin komai ma ka ɗiga ruwa a bakin bawul: idan ya yi kumfa, allurar ce ta saki, ɗaurewa kawai take so.

Tayata marar tiyub ce. Akwai bambanci?

Akwai, kuma sauƙi ne a gare ka. Wili mai wayoyi kusan kullum da tiyub yake, na alminiyam kuwa sau da yawa babu, amma ka karanta gefen tayar don ka tabbatar. Marar tiyub ba sai an cire wili ba: a zare ƙusar, a share ramin da abin sharewa, a cusa zaren roba mai danƙo, a yanke saura, a ba da iska. Wannan na tafin taya ne kawai. Ramin gefe ba ya karɓar irin wannan gyara.

Inda ƙaramin famfo ke gazawa shi ne idan bakin tayar ya rabu da wili. Mayar da shi yana son iska mai yawa a lokaci guda, irin ta injin mai tanki. Wani lokacin idan ka ɗaure tsakiyar tayar da igiya ka matse, ka shafa ruwan sabulu a bakin, takan kama. Dabarar zuba fetur a kunna ashana kuwa, don Allah a bar ta. Ta ƙona fuskoki da hannuwa.

Na ji yana zafi har tiyon ba ya taɓuwa. Ya lalace ne?

Bai lalace ba, matsa iska yana haifar da zafi. Tayar babur daga babu zuwa cika minti biyu zuwa huɗu take ɗauka. Idan aiki ya kai minti takwas ko goma ba tsayawa, ka kashe shi ya huta kamar hakan. Wajen kwancewa ka kama tiyon ta wurin roba, gindinsa na ƙarfe yana ƙuna. Kada ka ajiye shi a kan yashi yana aiki, domin ƙura yake zuƙa; shimfiɗa tsumma ko ka ɗora shi a kan sirdi.

A ina zan ajiye shi a jikin babur?

Nesa da inji da salansa, nesa da rana. Batirin da ke cikin mai caji irin na wayar salula ne, zafi ne babban makashinsa, ga shi kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40 a inuwa. Akwatin ƙarfe da ya yini a rana a kasuwar Wudil ranar Juma'a tanda ne. Ni a jakar goyo nake saka nawa, cikin tsohuwar safa mai kauri saboda gargada, in na sauka kuma in tafi da jakar. Da damina ka ƙara leda, musamman masu bin fadamun Haɗeja, Auyo da Guri inda ake ratsa ruwa. Idan ka ga jikinsa ya kumbura ko yana wari, kada ka sake caji, kada kuma ya kwana a ɗaki.

Ƙauyenmu babu wuta. Yaya zan yi da caji?

Duk inda ake cajin waya za a caja shi, ko a shagon mai sola ko wurin mai janareta, kuma yana ɗaukar kamar awa uku. Ramin cajin waya na babur da na ce ba zai juya famfon 12V ba, shi zai iya caja wannan a hankali kana tafiya. Caji ɗaya yana cika tayar babur sau da dama, ƙarin iska na mako-mako kuwa ba ya cin komai. Kada dai ka bar shi ya mutu ƙurmus ya yi watanni a ajiye. Ko ba ka yi amfani da shi ba, ka caja shi duk wata ɗaya ko biyu, sannan daren da za ka yi doguwar tafiya ka cika shi.

Yaya zan gane na ƙwarai a kasuwa?

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A Kano ana samunsu wajen masu kayan waya a Farm Centre, da Sabon Gari, da masu kayan mota a Ƙofar Ruwa. Ka je da babur ɗinka, ka sace tayar gaba a gaban mai shago, a cika ta kana duba agogo. Kada lambar PSI 150 da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka, babur ba ya buƙatar ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan. Abin dubawa shi ne lita nawa yake turawa a minti. Ƙananan sukan ba da 15 zuwa 25.

Ka fi son mai bakin da ake murɗawa a bawul, ka kuma tabbatar tiyon yana shiga tsakanin wayoyin wilinka ba tare da ya lanƙwasa bawul ba. Wanda ya yi sakayau a hannu fiye da kima, sau da yawa batirin cikinsa ne ƙarami. Bayan ka saya, ka gwada awonsa da wani geji daban sau ɗaya. Idan ya saɓa da ɗaya ko biyu ba laifi, ka dai san halinsa.

Famfon hannu fa, a jefar da shi?

A'a. Famfon hannu ko na ƙafa ba ya neman caji, zafi ba ya kashe shi, kuma tayar babur ba ta da girman da zai gagare shi. Wanda kuɗinsa bai kai na lantarki ba, ya sayi na hannu mai bakin babur da ɗan geji, ya samu mafi yawan amfanin da na lissafa. Idan tafiyar mai nisa ce ƙwarai, irin ratsa dajin Falgore inda ba a son tsayuwa ta daɗe, ni duka biyun nake ɗauka: na lantarki don sauri, na hannu don ko-ta-kwana.

Zai yi wa keke, mota ko amalanke?

Bawul ɗin babur, mota da A Daidaita Sahu iri ɗaya ne, don haka bakin zai zauna. Tsofaffin kekunanmu irin Raleigh da Phoenix nasu daban ne, siriri, sai da ɗan mahaɗi. Wannan bambancin ne ya hana famfon dattijon nan yi mini aiki. Tayar mota kuwa cikinta yana da faɗi. Ƙara mata uku ko huɗu ba matsala, amma cika ta daga babu zai ɗauki minti goma ko fiye, ya cinye mafi yawan cajin, kuma sai an bi ƙa'idar hutu da na faɗa a amsar zafi.

Amalanken shanu da ke kan tayar mota haka take. Na taɓa tarar da wani manomi a hanyar gona da lodin taki, taya ɗaya ta kwanta, shanun suna tsaye a rana. Na ce masa ya rage lodin ta wannan gefen tukuna. Muka ba ta iska sau biyu da hutu a tsakani, ta tashi daidai yadda za ta kai shi gona. Cajin da ya rage mini bai fi layi ɗaya a allo ba, don haka da na isa Gagarawa wurin mai sola na fara tsayawa kafin in nemi masu riɗi.